Harafi Shida Ya Ishi Kowa

A Matameye, in ka ji murya tana tasowa daga tasha har tana isko ka wajen masu tuyar ƙosai, ba sai ka tambaya ba, Sallau ne ya dawo daga ci-rani. Kowace shekara da abin da yake dawowa da shi na ban mamaki. Wata shekara agogo ne mai nuna lokacin ƙasashen da ba wanda zai je, wata shekara baƙin tabarau da ya hana shi ganin rami. Bana kuwa da ordinater, wato kwamfuta, ya sauko daga taksi, tsohuwa mai nauyin turmi, ya naɗe ta cikin bargo ya rungume, ko kamasho bai yarda ya taɓa ba.

Gaskiyar maganar, gadi yake yi a Kano, a wani tsohon kamfanin sayar da yadi. A ƙuryar ofishin akwai wani dattijo mai kula da injin da ke riƙe bayanan kayan sito, da wani tsohon harshen na'ura da ake kira Kobol, harshen da ya girmi Sallau nesa ba kusa ba. Sallau ne mai kai masa shayi. Dattijon ba shi da abokin hira, sai ya riƙa zaunar da shi yana nuna masa yadda ake tsara bayanai. Da kamfanin ya rufe aka raba wa ma'aikata tarkace, wasu suka ɗauki kujeru, Sallau ya ɗauki injin. A bakinsa kuwa, shi ne ya riƙe kamfanin, ranar da ya yi sallama kamfanin ya durƙushe.

A fada, inda ake shan shayin la'asar, aka tambaye shi wane harshe ya ce ya iya.

"Kobol," in ji Sallau.

"Kwabo?"

"Kobol. Manyan bankunan duniya da shi suke numfashi. Ni tebur nake ginawa da shi."

Wani kafinta da ke wurin ya ɗago kai ya ce, "Da wane katako?"

"Teburina ba shi da ƙafa. Ka ga gidan haya? To haka yake. Kai za ka faɗa wa inji ɗaki nawa kake so, kowane ɗaki da lambarsa da faɗinsa. Ka zuba bayani a ciki, in ka kira lamba ya fito."

"In ɗan haya ya ƙi fita fa?"

"Nawa ba sa gardama," in ji Sallau, ya miƙa kofi a ƙara masa.

Can cikin ransa Sallau ya gaji da ci-rani. Ya gaji da kwana kan benci a ƙofar wasu, ya gaji da dawowa ya tarar 'yarsa Anisa tana ɓuya bayan uwarta don ba ta gane shi ba. Wannan bai taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da ya faɗa wa matarsa Najaha shi ne, Matameye ta yi sa'a, bana ƙafarsa ba za ta taka iyaka ba, da injin nan zai sami aikin zama a gida. Najaha ta ce Allah ya sa, ta ɗauke kwanon fura daga kusa da injin.

Dama ta zo ta hannun yayan Najaha, Munkaila tela, mai shago a bakin kasuwa. Munkaila ba ya rubuta awo. Kowane mai kawo ɗinki da igiyarsa, ƙullin farko wuya, na biyu hannu, na uku ciki, ƙarshen igiya tsawo, an rataye a ƙusa da ɗan ƙyallen da ke nuna mai ita. Igiyoyin sun yi yawa har suna sarƙewa, shi kansa Munkaila ya gaji da su. Ga kuma Alhaji Cha'ibu, mai taksi-taksin da ke zuwa Damagaram, zai yi wa ɗansa Marwan aure, ya sayo shadda iri ɗaya don abokansa alhazai su yi anko.

Sallau ya shigo shagon ya tarar da Alhajin yana jaddada ranar biki. Ya gaisa, ya dubi bango, ya girgiza kai.

"Yaya, har yanzu da igiya kake auna manyan mutane, kamar awaki? Ranka ya daɗe, in aka bar mini awon nan a inji, ko shekara ɗari aka yi, in aka kira lambarka rigarka za ta fito daidai."

Alhaji Cha'ibu gajere ne mai tumbi, mai son sabon abu, musamman wanda abokansa ba su da shi. Ya ce, "In rigunan nan suka fito daidai, akwai ɗaki a tasha, zan yi maka biro, ofis naka na kanka, ka riƙe mini tsarin motoci."

Munkaila bai yi musu ba. Washegari ma shi ya sa aka rubuta a ƙofar shago cewa a nan ana ɗinki da ordinater.

Sallau ya zauna ya gina teburansa. Ya buga kalmar OCCURS, wadda yake furtawa da ƙarfi duk lokacin da ya ga mutum zai wuce, ya ba kowane tebur ɗaki ashirin, don alhazai ashirin aka ce masa. Suna da teburinsa, wuya da nasa, hannu da nasa, haka ciki da tsawo. Lambar ɗaki kaɗai ce ta haɗa su, wato wuyan da ke ɗaki na uku na mai sunan da ke ɗaki na uku ne. Da ya zo faɗin gurbin suna, ya ƙirga harufan sunansa ya ga shida, ya ce shida ya ishi kowa, wanda sunansa ya wuce haka son girma ne.

Wanda ya fara zuwa awo Alhaji Inusa ne, dogo siriri, mai dogon hannu da wuya kamar na zalɓe. Munkaila ya auna da tef yana faɗa, Sallau yana bugawa. Alhajin ya leƙa allon ya ga INUSA tsirara.

"Yaro, wannan wane Inusa ne?"

"Ku ne, ranka ya daɗe."

"Ina Alhajin? Ko injin naka ne ya biya mini kujerar Makka da zai cire?"

Sallau ya goge ya buga Alhaji Inusa. Allo ya nuna ALHAJI, sai fili. Harafi shida sun cika, sauran injin ya yanke ya zubar, kamar yadda aka umarce shi.

"To yanzu ina Inusan?"

Bakin Sallau bai jira tunaninsa ba. Ya ce, "Yana ciki. Injin yana da tarbiyya, ba ya kiran sunan babba a gaban jama'a."

Wannan magana ta yi wa Alhaji Inusa daɗi ƙwarai. Kafin magariba ta zaga gari, aka ce akwai inji a shagon Munkaila mai alkunya fiye da 'ya'yan yanzu. Duk alhajin da ya zo sai ya tsaya ya ga an sakaya sunansa. Allo ya cika da ALHAJI, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, Sallau yana ce wa kowa ya riƙe lambarsa.

Alhaji Cha'ibu sai kusan ƙarshe ya zo. Munkaila ya zagaya shi da tef, ya ce ciki santimita ɗari da sha takwas. Allo ya nuna sha takwas, don gurbi biyu kawai Sallau ya ba lambar ciki, ɗarin ta faɗi waje. Masu jira a benci suka fara tari.

"Alhaji, ashe azumi kake yi a ɓoye," in ji ɗaya.

"Injin ya rage maka ne don zumunci," in ji wani.

Sallau ya ƙara gurbi ɗaya, ɗarin ta dawo. Wannan gyara da ya yi daidai shi ya ƙarasa shi, don daga ranar ko gaisuwa da hannun hagu yake amsawa, dama tana kan inji.

Alhajin ya tambayi lambarsa, aka ce sha bakwai. Fuskarsa ta canza.

"Shaddata, ɗana, bikina, ni ne na sha bakwai? Wa ke na ɗaya?"

"Alhaji Inusa."

"Inusan da na riga zuwa Makka da shekara huɗu?"

Sallau ya ce wannan ƙaramin abu ne, injin ya iya jeri. Ya umarce shi ya jera teburin ciki daga babba zuwa ƙarami. Nan take ɗari da sha takwas ta haye ɗaki na ɗaya. Alhaji ya gani da idonsa, ya tafi yana murmushi. Teburin ciki kaɗai ya motsa, wuya da hannu da tsawo suna nan inda suke, amma da yake kowane layi ALHAJI yake cewa, ba abin da ya nuna an yi ɓarna.

A Matameye magana ba ta kwana. Da hantsi sai ga Alhaji Inusa, ya ce ya ji an fitar da shi daga ɗakinsa ba sanarwa. Sallau ya rantse ba haka ba ne, don ya tabbatar masa sai ya jera teburin tsawo daga dogo zuwa gajere. Tsawon Alhaji Inusa dama shi ne a sama, ya zauna daram, na sauran mutane ne suka watse. Alhajin ya gani, shi ma ya tafi yana murmushi. Haka aka wayi gari alhazai biyu kowanne ya san shi ne na ɗaya.

Ana haka sai Alhaji Aminu ya iso daga Kurni a kan babur, ya ce shi ma an ba shi yadi. Ɗaki ashirin sun cika. Sallau ya rasa bakin da zai ce wa dattijo babu wuri, ya buga awonsa a ɗaki na ashirin da ɗaya, ɗakin da ba a taɓa ginawa ba. Injin ya haɗiye bai ce komai ba.

"Ban ga nawa a allon ba," in ji Alhaji Aminu.

"Baƙon nesa ne ku, ya sauke ku a zaure tukuna."

Aka shiga yanka. Sallau yana karanto awo, Munkaila yana ja da alli. A na huɗu Munkaila ya tsaya da almakashi a hannu.

"Wannan wane Alhaji ne dogo haka, ga ciki, hannu kuma kamar na ɗan makaranta? Ni ban auna mai wannan siffa ba."

"Yaya, Allah ya halicci mutane iri-iri. Kai ido ka dogara da shi, ni lamba."

Munkaila ya tuna rubutun da ya sa aka yi a ƙofa, ya tuna yadda ya riƙa yi wa sauran teloli gori, ya ce bisimilla ya yanka. Da aka gama ɗinki aka rasa abin ɗaure kaya, Sallau ya miƙe ya sauko da igiyoyin bango, ya kwance ƙullinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce yau sun sami aikin da ya dace da su. Kowane ƙunshi aka rubuta masa Alhaji da lamba.

Kamar yadda teloli suka saba, sai safiyar ɗaurin aure kayan suka iso ƙofar gidan Alhaji Cha'ibu. An shimfiɗa tabarmi, an kafa rumfa, dangin amarya sun zo daga Tsauni, liman yana zaune. Sallau ya zo da injinsa a baro, ya aza shi kan tebur, wannan karon mai ƙafa, don jama'a su ga wanda ya yi aikin.

Ƙunshi na ɗaya hannu biyu suka kama shi lokaci guda.

"Alhaji, ina jin kuskure ka yi," in ji Alhaji Inusa.

"A gidana?" in ji Alhaji Cha'ibu.

Aka shiga tsakani, aka ce a bar wa mai gida. Alhaji Inusa ya karɓi na sha bakwai yana cewa shi dai ya san abin da ya gani a allo. Alhazai suka shige ɗakunan soro su sa kaya, jama'a suna jira.

Alhaji Inusa ne ya fara fitowa. Rigar ta tsaya masa sama da gwiwa, hannun ya ƙare a gwiwar hannu, wuyan kuwa ya yi faɗi har ya zame ta kafaɗa ɗaya. Ya tsaya ƙiƙam, ya ƙi kallon kowa. Na bayansa ya fito yana tattare ƙasan rigarsa da hannu biyu kamar mai tsallake rafi. Wani ya fito ba ya iya sauke hannuwansa don ciki ya matse shi. Wani da ya manta lambarsa ya ɗauki ƙunshin wani, rigar ta zauna masa daidai ko'ina, har ya fara taƙama, sai da ya miƙa hannu zai gaisa aka nemi hannun cikin yadi aka rasa.

Dangin amarya mutanen kirki ne, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Wani ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi, wani ya toshe baki da hula. Mata ta bayan katanga su ba su yi wannan wahalar ba.

Sai aka ji murya daga cikin soro, a toshe, tana kiran Munkaila. Munkaila a lokacin ya kai bakin layi yana saɗaɗawa, aka komo da shi. Alhaji Cha'ibu ya fito mutum biyu suna riƙe da shi. Cikin rigar nasa ne, ya shige lafiya. Tsawon na Alhaji Inusa ne, yana jan ƙasa, hannayen suna lilo. Wuyan ma na Alhaji Inusa ne, don haka kan mai gida ya tsaya a ciki, ƙoƙon kansa kawai ya leƙo.

"Ina Sallau?" in ji rigar.

"Ga ni, ranka ya daɗe. Kafin a ce komai, ina so jama'a su shaida, injin bai ɓatar da awo ko ɗaya ba. Kowane wuya yana nan, kowane hannu yana nan. Ƙaura kawai suka yi."

"To hannuna yana wajen wa?" in ji Alhaji Inusa.

"Yana jikin Alhaji Cha'ibu."

"Cikina fa?" in ji wanda ba ya iya sauke hannu.

"Wannan sai an bincika."

Munkaila ya tsaga wuyan da reza, kan Alhaji Cha'ibu ya fito jiƙe da gumi. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Sallau ke nan. Ya tako yana taka rigarsa har gaban injin, ya ce a bincika ɗin, yanzu, a gaban kowa. Sallau ya kunna, allo ya kawo ALHAJI sau ashirin.

"Wanne ne ni?"

Sallau ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya ce, "Duk ku ne, ranka ya daɗe."

"Ka ce sunan yana ciki. Ce masa ya fito, na yafe masa alkunyar."

Sallau ya danna nan ya danna can, ba abin da ya fito, don ba abin da ke ciki. Wani dattijo ya ce a koma wa tsohon awon da ke igiyoyin Munkaila mana, a raba gardama. Idanu suka sauka ƙasa, inda igiyoyin suke zube kan tabarma, sumul, babu ƙulli ko ɗaya.

Duk wannan abu Alhaji Aminu na Kurni yana gefe cikin tsohuwar rigarsa mai guga, don ba a ɗinka masa komai ba, yana ta share hawayen dariya. Liman ya ce rana tana yi, a fito da wakilin ango. Aka duba cikin abokan mai gida, shi kaɗai ne zai iya zama gaban mutane ya miƙa hannu. Ya tashi yana gyara hula, da ya zo wucewa ya dafa kafaɗar Sallau.

"Allah ya yi maka albarka da ka bar ni a zaure."

Bayan an shafa fatiha an watse, Alhaji Cha'ibu ya yanke hukunci, sanye da rigar jiya. Maganar biro a tasha ta mutu. Shaddar nan kuwa ba za a zubar ba. Sallau zai zauna a shagon Munkaila ya farke rigunan nan zare-zare, ya bi gidan kowane alhaji da igiya ya sake awo, a haɗa kowane hannu da mai shi. Ba Kano, ba ko Kance da ke nan kusa, sai an gama.

Aka gama girbi, aka ɗaure gero, samari da magidanta suka fara cika taksi zuwa iyaka. Abokan tafiyar Sallau suka biyo ta shago da jakunkunansu, suka same shi kan tabarma da reza, zare ya manne masa a gemu.

"Injiniya, ba ka zuwa?"

"Kwangila ta riƙe ni," in ji Sallau. "Manyan garin nan gaba ɗaya suna jirana. Ku gai da Kano."

Da suka tafi ya bi motar da kallo har ta sha kwana, ya ji kunya ta rufe shi, don ya san ba wanda ya yarda da maganar. Ya koma kan ɗinkin Munkaila, wanda kamar da gayya aka yi shi ƙanana-ƙanana.

Da azahar Najaha ta kawo abinci, Anisa tana biye da ita. Yarinyar ta wuce kai tsaye ta haye cinyar ubanta tana tsince masa zare daga gemu.

"Baban Anisa, a huta a ci abinci."

"Ajiye nan. Ke ba ki san nauyin aikin da ke kaina ba."

Najaha ta ajiye. Tun da aka yi aurensu ba ta taɓa kai wa mijinta abincin rana da rani ba, farin cikin da take ciki har tsoro yake ba ta kada ya gani a fuskarta. Ta zaga wajen keken yayanta, ta rage murya.

"Yaya, da saura da yawa?"

"A yadda yake tafiyar nan, yana surutu yana farka, sai dai in damina ta tarar da shi."

Ta dubi mijinta, yana can yana bayyana wa Anisa yadda manyan bankuna suke numfashi. Ta ce, "To don Allah kada ka ba shi sabuwar reza."